Abin da korona ta koya mini a harkar kifi

Tunda na ajiye aiki a kamfaninmu na cinikin kifi, bari in faɗi abin da a da ba ma faɗa sai a bakin ɗakin sanyi, inda ƙarar injin ke rufe murya.

Alamu sun bayyana tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, 2020. A watan Janairu, lokacin bikin sabuwar shekarar ƙasar Sin, wanda shi ne kakar masu sayar da kayan teku masu tsada, oda ta tsaya cak. A Fabrairu kwantenoni masu sanyi suka cunkushe a tashoshin jiragen ruwan Sin, har aka rasa inda za a jona su da wuta. Na rubuta wa manajanmu cewa mu kama hayar ƙarin ɗakin sanyi, mu fara daskarar da wani ɓangare na kaya maimakon tura shi ɗanye. A tsaye ya karanta, ya ce, "Malam, yi abin da aka ɗauke ka dominsa."

Ɗanyen kifi mai daraja da yawa a cikin jiragen fasinja yake tafiya, wuri ɗaya da akwatunan matafiya. Da aka dakatar da jiragen, hanya ta toshe, ɗan gurbin da ya rage kuma ya yi tsadar da ba ta fitar da riba. Otal-otal da gidajen cin abinci, manyan masu sayenmu, suka rufe. Kifi kuwa bai san kulle ba. Ƙanƙara tana narkewa a akwatuna, idon kifin yana dushewa, jan da ke ƙarƙashin kunnensa yana komawa ƙasa-ƙasa, ka latsa jikinsa da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

Manajan ya sa ni na kira masuntan da muka yi yarjejeniya da su, ɗaya bayan ɗaya, in ce musu ba za mu karɓi kaya ba. Wani dattijo ya tambaye ni, "To ɗana, wanda ke cikin jirgi fa, teku zan mayar da shi?" Shi manajan bai ɗaga waya ko sau ɗaya ba. Da masu kamfani suka zo jin ba'asi, ya ce sashen saye ne ya yi zari, ya tara kayan da ba a buƙata. Sashen saye kuwa ni ne. Kwafin takardata yana hannuna, ba wanda ya nemi gani. Daga baya aka ƙara masa girma.

Rahotanni sun yi ta yabon juriyar masana'antar kifi, kuma akwai gaskiya a ciki: mutane sun koma girki a gida, cinikin kifin gwangwani da daskararre ya tashi. Sai dai ba a cika faɗin wa ya biya kuɗin juriyar ba. A Satumban 2020 ma'aikatan jiragen ruwa kusan 400,000 ne suka maƙale a teku bayan kwantiraginsu ya ƙare. Masu kiwo sun ci gaba da ciyar da kifin da ya wuce girman da kasuwa ke so. Masuntanmu kuwa suka shiga kyafewa da busarwa, 'ya'yansu suna karɓar oda ta waya suna kaiwa gida-gida. Da kasuwa ta buɗe aka aike ni in dawo da su, kaɗan suka dawo, su ma kuɗi hannu. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka rataya kasuwancinka a kan mai saye ɗaya. Jita-jita tana rufe kasuwa cikin kwana ɗaya, kamar yadda aka gani a Yunin 2020 da aka ce an samu ƙwayar cutar a kan katakon yankan kifin salmon a kasuwar Xinfadi ta Bejin. Shawara kuma ka tura ta a rubuce, ga fiye da mutum ɗaya.

Ga wanda ya gaje ni: masuntan da suka dawo, saboda ni suka dawo, ka riƙe su da kyau. In an sake soke oda, ka miƙa wa manajan wayar ya faɗa musu da bakinsa.