Kati a hannun Baba maigadi

Yau muka gama ɗaura na'urar karanta kati a ƙofar wani ofis. Da na miƙa wa Baba maigadi nasa, sai ya jujjuya shi ya ce, "Yaro, ina batirinsa?" Na ce, "Baba, babu batir. Siririyar waya ce naɗe a ciki, in kun kai shi kusa, daga na'urar yake jan wuta ya ba da lambarsa." Ya miƙa a hankali, bai ma taɓa ba, ƙofa ta buɗe.

Bai ce uffan ba, sai ya shafa makullan da ke aljihunsa. Abin ya tsaya mini a rai. Na'urar nan duk wanda ya riƙo katin buɗe masa za ta yi, Baba kuwa ya san fuskar kowa a gidan.