Tambayar Auta

Laraba. Safiya ta yi daɗi. Wuta ta kwana ba a ɗauke ba, ruwan firiji ya yi sanyi ƙarara, na biya wajen Inna na sha kunu da ƙosai kafin in wuce aiki. Ta ce ƙafar ta yi sauƙi, har ta taka zuwa bakin titi jiya da kanta.

Ofis, ba abin faɗi. Taro ɗaya mai tsawo.

Bayan la'asar Auta ya tsallako gada daga Harobanda, ya same ni a fada da jakarsa a kafaɗa, ƙura har gira. Yau malaminsu ya yi musu bayanin cewa a Java, wani yaren rubuta manhaja, ba kai kake share ƙwaƙwalwar inji da hannunka ba, akwai wani ɓangare na injin da ake kira mai kwashe shara da ke bi yana tattara duk abin da manhaja ta daina amfani da shi. Yaron ya zauna kan tabarma yana juya kofin shayi, can ya ce:

"Yaya, shi wanga mai kwashe shara, in ya leƙa ƙwaƙwalwa lambobi kawai yake gani, ko?"

Na ce haka ne.

"To ƙaƙa yake gane lambar da take adireshin wani abu da lambar da take kuɗin buhun gero?"

Na ce, "Ai yana sani." Daidai nan aka zagayo da shayi na biyu, hira ta koma kokowa, shi ma ya yi shiru. Da aka kira magariba ya tashi don kada dare ya yi masa a hanya.

Tun daga lokacin wannan amsa take ci na. Yaro ya yi tambayar da ta fi duk abin da na ji a taron safe nauyi, ni kuma na sallame shi da kalma uku. Abin da ya ƙara dame ni, na san amsar sarai, domin a makon nan ma ta cije ni.

Gaskiyar magana mai kwashe shara bai sani ba. A inji mai bit 64, adireshi, wato lambar wurin da aka ajiye abu a ƙwaƙwalwa, da kuɗin gero kamarsu ɗaya, sifili da ɗaya sittin da huɗu a jere, babu tambari a goshin kowa. Ko dai ya yi zato, ko wani ya gaya masa. Masu zato su ne irin hanyar da Hans Boehm da Mark Weiser suka wallafa a 1988 don yaruka kamar C: duk lambar da ta yi kama da adireshin wani abu mai rai, a ɗauka adireshi ce, a bar abin. Hanyar tana aiki, amma tana da tsada biyu. Wani lokaci shara takan zauna saboda wata lamba ta yi kama da adireshinta bisa tsautsayi. Babbar kuma, ba ka da ikon matsar da kaya daga wuri zuwa wuri, domin in ka matsar sai ka gyara adireshin, in kuwa ashe kuɗin gero ne ka gyara, ka ɓata wa mutum lissafi.

Mai gaya masa shi ne kwamfilata, manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren inji. Ita kaɗai ta san abin da ta ajiye a kowane gurbi, tunda ita ta ajiye. Kowace fonksiyon da aka kira, wato guntun manhaja mai yin wani aiki, tana ɗora faifanta a kan tulin kira, da gurabenta na ajiya, wasu ƙimomin kuma suna cikin rajistoci, 'yan guraben da ke cikin na'urar kanta. Sai kwamfilata ta rubuta ɗan jadawali a gefe: in an tsaya a wannan layi, gurbi na biyu da na biyar adireshi ne, saura lamba ce zalla. Mutanen HotSpot, injin Java ɗin da Auta yake karantawa, suna ce wa nasu OopMap. Ba a kowane layi ake rubuta shi ba, jadawalin zai fi manhajar girma. Akan zaɓi wurare, galibi inda ake kiran wata fonksiyon ko inda madauki, wato layukan da ake ta maimaitawa, ke komawa baya. Ni zango nake ce musu a raina. Ayari ba ya tsayawa tsakiyar tudu don a ƙirga kaya, sai an kai zango, inda madugu ya san raƙumin da ke ɗauke da gishiri da wanda ke ɗauke da dabino. In mai kwashe shara yana son aiki, dole ya jira kowane zare na manhaja, wato kowane aikin da ke gudana a cikinta, ya iso zangonsa.

Jiran nan ma yana da nasa ciwon. A yaren Go, wanda ya fara duba tulin kira da tabbas a fitowa ta 1.3 a 2014, a da madauki da ba ya kiran komai yakan iya riƙe kowa yana ta juyi bai iso zango ba. Sai a 1.14, cikin 2020, suka koma katse shi da sigina duk inda yake, faifan da aka katse kuma a duba shi da zato irin na su Boehm. Wannan yana burge ni ƙwarai, mutanen da suka yi shekaru suna neman tabbas suka yarda su ari ɗan zato a lungu ɗaya don aiki ya tafi. OCaml kuwa, wani yaren manhajar, tambarin take sakawa a jikin lambar: bit na ƙarshe in ɗaya ne lamba ce, in sifili ne adireshi, shi ya sa lambobinta bit 63 ne.

Duk wannan zai shiga minti goma kafin magariba. Da na faɗa masa.

Nawa cizon kuwa daga wani ɗan yaren manhaja ne da nake rubuta wa yaran ajin Asabar. Da C na rubuta shi, mai kwashe sharar kuma na bi hanyar Cheney ta 1970, wadda ke raba fili biyu, ta kwashe masu rai daga wannan rabi zuwa wancan. Akwai fonksiyon da ke haɗa jimla biyu. Tana riƙe adireshin jimlolin a hannunta, sannan ta nemi sabon wuri. In aka yi rashin sa'a fili ya cika daidai lokacin, mai kwashe shara ya tashi ya kwashe jimlolin zuwa ɗaya rabin, ita kuma bai san da ita ba, domin kwamfilatar C ba ta rubuta masa jadawalin komai. Sai ta koma tsohon gida ta kwaso abin da ta tarar. Asabar da ta wuce wata yarinya ta buga gaisuwa da sunanta, allo ya fito mata da tarkacen haruffa. Ta ɗauka ita ta yi kuskure, ta share duk abin da ta rubuta ta sake daga farko ba ta ce da kowa komai ba. Sai daga baya na gani. Wannan bai bar ni ba har yau.

Kwana uku ina nema, don matsalar ba ta fitowa sai fili ya cika. Ranar Talata na tilasta a kwashe shara duk lokacin da aka nemi wuri, ko bit nawa ne, nan take ta faɗi a layin farko. Yanzu da hannuna nake yin aikin kwamfilata: kafin neman wuri in rubuta guraben da nake riƙe da su a wani jeri na gefe, bayan an gama in cire. Na gyara wurare bakwai. Zuciyata ba ta kwanta da na jerin lambobi ba.

An ɗauke wuta ƙarfe goma da rabi. Uwargida ta fitar da katifa tsakar gida, yara sun yi barci, sauro na ta kiɗa. Batirin kwamfuta saura kashi goma sha takwas.

Na aika wa Auta saƙon murya a WhatsApp, minti shida, na fara da ba shi haƙuri. Na ce ya zo ranar Asabar da wuri, in nuna masa jimlolin nan suna ɓacewa a gaban idonsa kafin yara su iso. Alama ɗaya ce har yanzu, ƙila kuɗin intanet ɗinsa sun ƙare. Gobe in tura masa.