Abin da ya sa ruwan raken Baba ya yi yauƙi

Bara da hunturu injin matse rakenmu ya lalace ana tsaka da aiki. An riga an sare rake amalanke uku an jibge a bakin gona, mai gyara kuma sai da ya kwana huɗu kafin ya samo kaya daga Kano. Ranar da injin ya tashi, ruwan da ya fito mai kauri ne da tsami-tsami, in ka tsoma yatsa ka ɗaga sai zare ya biyo ka kamar miyar kuɓewa. Muka yi ta dafawa har itace ya ƙare, mazarƙwaila ta ƙi ɗaurewa. Baba ya daɗe tsaye a kan kaskon, sannan ya ce, "Rake ya kwana."

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a ƙasar Bunkure, kuma fuskar Baba ta ranar ta tsaya mini a rai. A littafi na san mai wannan aika-aikar: wata bakteriya ce, wato ƙwayar halitta da ido ba ya gani, daga dangin masu sa abinci tsami, sunanta Leuconostoc mesenteroides. Tana nan a ƙasa da jikin tsirrai, da zarar adda ta buɗe rake sai ta samu ƙofa. Yauƙin da take yi shi ake kira dekstaran. Masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya yi bayaninsa tun 1861, a 1878 kuma wani masanin, Van Tieghem, ya raɗa wa ƙwayar suna. Amma karatu daban, gani da ido daban. So nake in gani ko kowane irin zaƙi ne ke jawo shi.

Na dafa yis ɗin burodi a ruwa har ya mutu, na tace, don ƙwayoyin su samu abin ci. Na raba shi a kwalabe huɗu da na tafasa. Ɗaya na sa sukarin shayi, ɗaya garin gulukos na kemis, ɗaya zuma, ta huɗu ruwan sabon rake da na dafa ya huce. Kowacce na ɗiga mata ƙaramin cokali na ruwan nan mai yauƙi.

Karon farko na yi kuskure. Na ajiye su a ɗakin kwano da rana ke dukansa, duk suka yi tsami, yauƙin bai taka kara ya karya ba. Sinadarin da ke saƙa dekstaran ba ya jure zafi, ƙwayar ta fi fitar da shi a wajen digiri 25. Sai na sake sabo, na jera kwalaben a gindin randar Inna inda ƙasa ke da sanyi.

Bayan kwana biyu na karkata kwalbar sukari, ruwan ya gangaro a hankali kamar kunu mai kauri. Ta rake ma haka. Ta gulukos da ta zuma kuwa tsami kawai, ruwa tsululu. Na ɗebi kaɗan daga ta sukari na zuba masa sifirit, nan take wani farin abu mai danƙo ya dunƙule a ƙasan kofi. Na murza shi a yatsa, na ce a raina, ga ɓarawon mazarƙwailar Baba.

Zumar ce ta fi koya mini darasi. Sukarin rake da na shayi abu ɗaya ne, wato sukuros, shi kuma ƙananan sukari biyu ne, gulukos da furuktos, a haɗe. Zuma ma su biyun ne mafi yawa a cikinta, amma a rabe. Sinadarin ƙwayar, dekstaransukuras, aikinsa ya tsinka wannan haɗin, ya yi amfani da ƙarfin da ke cikinsa ya ƙulla gulukos ɗaya bayan ɗaya su zama doguwar sarƙa, furuktos kuma ya sake shi. In an ba shi su a rabe, ba abin da zai tsinka. Bugu da ƙari, ita wannan ƙwayar ba ta fitar da sinadarin sosai sai ta ji sukuros a kusa. Ke nan rake shi ne mai tashinta daga barci, shi ne kuma kayan saƙarta. Abin mamaki, wannan yauƙin da ya ja mana asara, in an tace shi a masana'anta, asibiti na ƙara shi a jijiyar wanda ya zubar da jini.

Na kai wa Baba kwalbar sukari da ta zuma bayan la'asar. Na ce, "Baba, ku karkata su ku gani." Ya karkata, ya sake karkatawa, ya shinshina. Ya ce, "To, Malam, me za a yi?" Na ce kada a sare sai abin da injin zai cinye a ranar, a daina zubar da sararren rake a kan ƙasa, a riƙa wanke injin da ruwan zafi in an tashi.

Bana Baba sai ya ji ƙarar injin da kunnensa yake ba masu sara adda.