Ƙaramin layin dogo na a Jos

Wata shida kenan ina haɗa ƙaramin layin dogo a kan wani faifan katako a ɗakina, kuma wallahi har yau ban gaji ba. Sikelin HO nake amfani dashi, wato 1:87, ma'ana komai an rage girmansa na gaske sau 87, tsakanin ƙarafunan milimita 16.5 ne kacal, jirgin kuma daga jikin ƙarfen yake jan wuta shiyasa da ƙurar hunturu ta sauka sai ya dinga tsaitsayawa, kullum sai na goge.

Duwatsu ne suka fi cin lokacina. So nake su fito irin namu na Filato, manya manya ɗaya kan ɗaya, sai na yanka farin soson da ke zuwa a kwalin firij na shafa masa filasta na bi da fenti ruwan toka, sau uku ina sakewa kafin kalar ta kwanta min. Jar ƙasa kuma tankaɗewa nayi da rariya, na manna da gam da na sirka da ruwa.

Yanzu kududdufin kuza nake tonawa a gefe, don saboda kuza ne aka jawo tsohon layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. Kakana ya hau shi, yakan bamu labarinsa muna yara.