Daga Fermoy zuwa Cappoquin, a bakin kogin Blackwater

Wanda ya je Ailan ya tsaya a Dublin kawai gaskiya bai ga ƙasar ba. Mu dai wata Asabar cikin watan Yuni muka ɗauki motar haya a Cork, ni da abokina da ke karatu can, muka nufi Fermoy. Shi na bar wa sitiyari don su hannun hagu suke bi, irin yadda ake yi a Najeriya kafin 1972, ni kuwa ba zan iya wannan kasadar ba.

Daga Fermoy akwai babban titi N72, amma sai muka bi ƙaramin, R666, wanda ya bi ta arewacin kogin ya ratsa ƙauyen Ballyduff. Titi ne siriri, shinge da itatuwa dama da hagu, in kun haɗu da tarakta sai ɗaya ya raɓe, kuma duk direban da ya wuce sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya daga kan sitiyari, gaisuwar kenan. Kogin nan ruwansa baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara, yana tafiya a hankali abinsa, ga shanu sun ƙoshi har sun gaji da ci. Can ka hango mutum tsaye cikin ruwa har ƙugu yana jefa fatsa, kifin salmon yake nema, kuma ba haka kawai ake shiga ba, sai da lasisi da kuɗi.

Lismore ce ta tsayar da mu. Kana kan gada sai ga gidan sarauta a saman dutse ya leƙo kogin. A nan aka haifi Robert Boyle a 1627, eh shi dai mai dokar iskar gas ɗin nan da ta ba mu wahala a sakandare. Gidan har yau na iyalan Duke na Devonshire ne, mutanen Ingila, lambun da ɗakin nunin zane-zane kawai ake bari masu ziyara su shiga.

Amma abin da ya tsaya min a rai yana bayan gari kaɗan, Ballysaggartmore. Wani mai filaye Arthur Kiely-Ussher ya gina ƙofa da gada masu hasumiyoyi a cikin daji, wai mashigar katafaren gidan da zai gina, kuɗi suka ƙare, gidan bai samu ba, ƙofar da gadar ne kawai tsaye gansakuka ta rufe su. Mutumin nan kuwa lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, da cutar ta kama dankali, korar manoman da suka kasa biyan haya ya dinga yi yana rushe musu gidaje. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu a ƙasar, wasu kamar haka suka tsallaka teku. To ka ga shirun nan da muke ta yabawa tun safe, kilomita da kilomita ba kowa sai tumaki, ashe da can akwai mutane a wurin. Abokina ya ce malam kai komai sai ka sa masa tarihi, na ce to ai ba ni na gina ƙofar ba.

A Cappoquin kogin ya yi wata kwana kai ka ce umarni aka ba shi, ya bar gabas ya miƙe kudu sai teku a Youghal. Mu ma muka bi shi har ƙofar Dromana, mai kubba irin ginin Indiya, a tsakiyar karkarar Ailan, abin mamaki.

Yunwa ta koro mu muka sayi kifi da soyayyen dankali, yaji kam babu, sai gishiri da binega. Magariba ba ta yi ba sai wajen goma saura, har mun isa Cork mun mayar da mota.