Na koyi lissafin wata a bakin tekun Madagaska

Ni 'yar Damagaram ce, kafin in zo Madagaska ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba. Aikin ungozoma ne ya kawo ni wani ƙauyen masunta a arewa da birnin Toliara. Ƙasar ba ta yi mini baƙunta sosai ba: zafi, rairayi, ƙaya, ga itatuwan kuka jibga-jibga. Shinkafa safe, rana da dare ce dai har yau ban saba ba.

A watan farko abu ɗaya ya dame ni. Wasu ranakun asibiti ya cika maƙil da masu awo, wasu ranakun ko mace ɗaya ba za ta leƙo ba. Na ɗauka ni suke gudu. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da nake kira Neny, wato Inna, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “'Yata, ki riƙa duba wata. In ya tsaya ko ya cika, teku na ja da baya sosai, mu kuma muna can.”

Na bi ta wata rana. Ruwa ya janye, duwatsun murjani sun bayyana, matan Vezo, ƙabilar masuntan yankin, sun bazu a kai, kowacce da siririn mashi. Horita suke nema, wata halitta marar ƙashi mai hannaye takwas. Neny ta tsaya a kan wani ramin da ni ban ga komai a cikinsa ba, ta nuna mini ɓawon kaguwa a bakinsa, alamar mai gida na ciki. Ta zura mashi, sai ga hannaye sun nannaɗe mata damtse. Ihun da na yi har yau ana tsokanata da shi. Ci kuwa sai da na tuna a mazhabarmu ta Malikiyya naman teku halal ne, sannan na iya kai shi baki.

A 2004 mutanen ƙauyen Andavadoaka suka fara rufe wani yankin teku na 'yan watanni, su hana kamun horita a cikinsa, kamar yadda muke barin gona ta huta. Horita na saurin girma, don haka ranar buɗewa manya ake kamawa. Ƙauyuka suka yi ta kwaikwayo, har aka kafa ƙungiyar Velondriake mai kula da wannan tsari. Wanda ya saci shiga, dokar gari da suke kira dina ce ke cin tararsa.

Sai dai wannan rufewar, mata ta fi ƙuntata wa. Namiji na da kwalekwale, ya tafi can ciki ya kamo kifi. Mace iyakarta inda ƙafa ke kaiwa. In aka buɗe ranar da ruwa bai janye sosai ba, maza masu nutso su kwashe manyan. Shi ya sa matan ƙauyenmu ba sa yin shiru a taro, su ke cewa ga wurin da za a rufe, ga ranar da ta dace, kuma wasunsu ne ke riƙe da sikeli da littafin awon kamu. A ganina hakan ne daidai, don babu wanda ya kai su sanin ramukan nan.

Yanzu ranakun awon ciki da allurar yara da tsayuwar wata nake tsara su. Jiya Neny ta aiko mini da busasshiyar horita, na jefa ta a miyar kuka.