Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gwangwanin Inna

A makon jiya na tsaya a inda na samu ɗakin haya a gidan wata dattijuwa baƙar fata a gabashin birnin Detroit na ƙasar Amurka, cikin hunturun 1979, lokacin ina karatun tattalin arziki a Jami'ar Wayne State. Da yake tarbiyyar gidanmu ba ta yarda yaro ya ambaci sunan sa'ar mahaifiyarsa ba, sai na riƙa ce mata Inna, kuma da na bayyana mata ma'anar kalmar ta ji daɗi ƙwarai, ita ma ta riƙa ce mini ɗana har ranar da muka rabu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai game da ita shi ne, duk man da ya rage a kasko bayan ta gama suya ba ta zubar da shi, sai ta tace ta juye a wani gwangwani da ke gefen murhu. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce sabo ne da yaƙin Hitila ya bar mata, domin a lokacin gwamnati ta nemi matan gida su tara maiƙo su kai wa mahauci, a ciro sinadarin haɗa albarushi daga cikinsa. Daga nan ta shiga ɗaki ta ɗauko wani ɗan littafi da ya koɗe, cike da ƙananan takardu masu kama da kan sarki. Da su ake sayen abinci, in ji ta, kuma ko kana da kuɗi cike da aljihu, in takardunka sun ƙare sai ka jira. Sukari aka fara ƙayyadewa a watan Mayun 1942, gahawa ta biyo baya, sannan a 1943 aka haɗa da nama da man shanu da abincin gwangwani da takalma. An taƙaita fetur, an hana gudun mota fiye da mil 35 a awa, saboda Japan ta mamaye ƙasashen da roba ke fitowa, taya ta yi wuya.

Gaskiya na yi mamaki, domin ni abin da na sani game da wannan yaƙi bai wuce labarin Baffana ba, wanda ya yi shi a dazukan Bama cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ya sha ɗaukar kaya a ka cikin ruwan sama da taɓo. Ban taɓa zaton ƙasar da muke jin labarin arzikinta ta taɓa cin abinci da awo ba.

Inna ta baro gonakin auduga na jihar Alabama a 1942, ita da dubban baƙaƙen fata da labarin aiki ya jawo arewa. A watan Fabrairun shekarar masana'antun Detroit suka daina ƙera motocin hawa, suka koma tankokin yaƙi da injunan jirage, har ta kai masana'antar Ford ta Willow Run tana fitar da jirgin jefa bom samfurin B-24 guda ɗaya kusan kowace awa a 1944. Ƙofar aikin ba da daɗin rai ta buɗu wa irinsu ba. Sai da shugaban ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar kai gangamin baƙaƙe birnin Washington, sannan Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 8802 a watan Yunin 1941, wanda ya haramta wariyar launin fata a masana'antun makamai. Duk da haka sai a 1943 aka ɗauke ta a wata masana'anta, tana haɗa fukafukan jirgi da ƙusoshin ƙarfe, kuma ta ce albashinta na mako ya fi abin da take samu a wata guda tana wanke-wanke a gidajen Turawa.

A nan muryarta ta sauya. Ranar 20 ga Yunin 1943 faɗa ya ɓarke tsakanin farare da baƙaƙe a tsibirin shaƙatawa na Belle Isle, ya bazu cikin gari, bai lafa ba sai da aka shigo da sojojin tarayya. Mutum 34 suka mutu, 25 daga cikinsu baƙaƙe. Ta ce kwana biyu ta yi a ƙulle a ɗaki ba ta ko leƙa taga, alhali mijinta yana sanye da kakin sojan ƙasar, a rundunar da aka ware wa baƙaƙe zalla. Ta ce: "Ɗana, jaridarmu ta Pittsburgh Courier ta ce nasara biyu muke nema, ɗaya a kan Hitila, ɗaya a gida. Ta farkon shekara uku ta ɗauke mu." Ba ta ce komai game da ta biyun ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a daidai wannan zangon karatu ana koya mana yadda aka tsara duniya bayan yaƙin. A aji mun karanta taron Bretton Woods na watan Yulin 1944, inda ƙasashe 44 suka amince da kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, aka ɗaura kuɗaɗen ƙasashe ga dala, ita kuma dala aka ɗaura ta ga zinariya a kan dala 35 kowane oza. Mun karanta taron San Francisco na 1945, inda ƙasashe 50 suka sa hannu a kan kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma huɗu kacal daga Afirka: Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Amurka ta samu wannan ƙarfin faɗa a ji ne domin cikin manyan ƙasashen da suka yi yaƙin masana'antunta kaɗai bom bai taɓa ba, kuma hannuwa irin na Inna ne suka tafiyar da su. Amma da aka gama yaƙi a 1945 an sallame ta tare da ɗimbin mata, ta koma aikatau. Mijinta ya dawo da haƙƙin tsofaffin sojoji na dokar 1944, wadda ta kai miliyoyin Amurkawa jami'a ta kuma mallaka musu gidaje, sai dai duk bankin da ya je neman bashin gida sai a ce unguwarsu ba ta cancanci bashi ba. Daga baya unguwar ma aka rushe ta, aka shimfiɗa babban titin mota a kan titin Hastings inda kasuwancin baƙaƙe yake. Da guminsu suka tara kuɗin gidan da nake haya a ciki, a hankali, cikin shekaru masu yawa.

Da na ba ta labarin Baffa, sai ta ajiye littafin ta dube ni ta ce: "Shi kuma me Turawan Ingila suka ba shi da ya dawo?" Na ce mata lambobin yabo ne da yake ajiyewa a cikin adaka, sai kuma sunan Soja da ya bi shi har yara ba su san sunansa na yanka ba. Ta daɗe shiru, sannan ta ce in zan rubuta wasiƙa gida in gaya masa matar wani ɗan'uwansa soja tana gaishe shi. A daren na rubuta da ajami, domin shi kaɗai Baffa yake karantawa.

Amsarsa ta iso bayan wata biyu, kuma da ita zan fara a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.